Hakin Da Ya Tsiro A Rijiyarmu

Ni 'yar Gwandu ce, aure ne ya kawo ni Kalgo. A gidan da nake akwai ni da maigidana da yaranmu, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa wadda ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa, sai kuma ƙanen maigidan da ke gyaran waya a bakin tasha, yana kwana a wani ɗan ɗaki da ke jikin zaure. Ni kuwa ɗinki nake yi a cikin gida, kekena na ƙarƙashin rumfa inda nake iya ganin tsakar gida gaba ɗaya, har da rijiya.

Wata shekara da rani maigida ya ba wata malamar firamare hayar ɗakuna biyun da ke kusa da zaure. Daga ƙasar Zuru aka yi mata sauyin aiki, Kirista ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun girma sun kama gabansu. Ranar da ta tare, motar a-kori-kura ce ta kawo kayanta. Katifa da tukwane da buhunan littattafai duk suna baya an ɗaure da igiya, amma ita tana gaba kusa da direba, ta rungume wata tsohuwar tukunyar ƙasa a cinyarta. Ba ta yarda kowa ya karɓa mata ba. Da kanta ta shigo da ita, ta tsaya tana duba inda rana ke faɗawa da inda ba ta faɗawa, sannan ta ajiye ta a lungun da ke tsakanin bangonta da gindin darbejiya.

Wani haki ne a cikin tukunyar, irin wanda ban taɓa gani ba. Ba shi da kara, ba shi da reshe. Ganyayensa daga ƙasa suke fitowa kai tsaye, dogaye, kowanne a tsattsage gefe da gefe kamar gashin fiffiken zabo. Sabon ganye kuwa a nannaɗe yake ɓullowa kamar wutsiyar hawainiya, da gashi-gashi a jikinsa, sai a hankali ya warware. Malama takan ba shi ruwa kafin ta tafi makaranta, ta sake ba shi in ta dawo. In rana ta karkata ta fara taɓa lungun, sai ta jawo tsohon buhu ta kare shi.

Gwaggo ce ta fara magana. Idanunta sun yi rauni, abin da ke nesa sai dishi-dishi take gani, amma ba abin da ke wucewa a gidan ba ta sani ba. Ta sa na kai ta gaban tukunyar lokacin da Malama ba ta nan, ta shafa ganyen da yatsu, ta shinshina.

"Wane irin haki na wanga? Ana miya da shi?"

Na ce ban ga tana tsinka ba.

"Shina hure? Shina ɗiya?"

Na ce tun zuwansa ban ga fure ko ɗa a jikinsa ba.

"To mi ad amfaninai? Mutum ba ya ɗauko abu tun daga Zuru bisa cinya don banza."

Abin da ya ƙara ɗaure mata kai shi ne awakinmu. Ba abin da suke bari a gidan nan, har shanya sukan ja, amma in suka je gaban tukunyar sai su shinshina su wuce. Ni ma kaina abin ya tsaya mini a rai. Wata rana na juya ganyen na ga bayansa cike da ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, a jere reras kamar da hannu aka ɗiga su. Na taɓa, wani gari mai laushi ya manne mini a yatsa. Na je na wanke hannuna da sabulu.

In ban da wannan, Malama ba ta da abin zargi. Takan gaida Gwaggo har ƙasa tana kiranta Mama, takan duba wa yarana aikin makaranta, da salla kuma ita ke taya ni yankan albasa. Na tambaye ta sunan hakin, ta faɗa mini da yarensu, ban riƙe ba. Ta ce a bayan garinsu akwai kurmi a gindin dutse inda ruwa ke tsattsafowa, nan yake fitowa. Mijinta ne ya ciro mata wannan tun yana da rai. Na ce Allah sarki, na bar maganar. Da na gaya wa Gwaggo sai ta ce, "Haka tac ce miki."

A damina ta biyu da zuwanta, wata safiya ina jan ruwa, na leƙa don guga ya maƙale, sai na hango wani abu kore a jikin bangon rijiyar, a wata tsaga inda siminti ya ɓare, ƙasa kaɗan da inda hannu zai kai. Na sunkuya na duba da kyau. Ƙananan ganyaye ne a tsattsage, ga wani sabo a nannaɗe yana shirin warwarewa.  Na waiga wajen tukunyar Malama, tana nan a lungunta, nesa da rijiyar.

Ban gaya wa kowa ba. Na koma kan kekena, amma daga ranar na sa mata ido. In ta zo ɗibar ruwa sai in rage taka keken in dubi hannayenta. Ban ga tana sakin komai ba. Takan zura guga, ta jawo, ta cika bokiti, ta rufe rijiyar da murfin kwano kamar kowa. Sau ɗaya na ga ta daɗe tana leƙawa ciki, da ta ɗago kuma fuskarta da ɗan murmushi. Wannan murmushin ya daɗe yana yi mini yawo a kai.

Ba a daɗe ba ƙaramin ɗana ya kamu da gudawa da amai. Lokacin yara da yawa a unguwa suna fama da irinta, ko a asibiti layi muka tarar. Muna dawowa da shi na iske Gwaggo zaune a bakin ƙofarta, ta sa an ɗora turmi a kan murfin rijiya.

"Kada kowa ya ƙara shan ruwan ga," in ji ta. "Hakin matar can ya shiga ciki. Ke kin sani kinka yi shiru, ko ba ki sani ba?"

Na ce na gani, amma ban ɗauka wani abu ba ne.

Daga ranar sai ruwan 'yan ga-ruwa muke sha. Da Malama ta dawo daga makaranta Gwaggo ta aika a kira ta. Maigida na nan, ƙanensa ma ya shigo ya jingina da bango yana danna waya. Malama ta durƙusa ta gaishe ta. Gwaggo ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye ta yadda aka yi abin da ke cikin tukunyarta ya koma cikin ruwan da jama'a ke sha.

Malama ta ce, "Mama, wallahi ban sa komai a rijiya ba. Ai ni ma ruwan nake sha. Wannan tsiron ba ya yin iri kamar gero ko wake. Garin nan da ke bayan ganyensa shi ne irinsa, iska ke kwasarsa. Duk inda ya faɗa, in akwai inuwa da laima, sai ya fito. Jikin rijiya kuwa kullum a jiƙe yake, rana ba ta shiga."

Ni dai maganar ta shige ni. Amma Gwaggo sai ta juya wajen maigida.

"Ka dai ji da kunnenka. Da bakinta tac ce daga tukunyatta yaf fito."

Maigidana mutum ne da ba ya son hayaniya. Ya ce a yi haƙuri, za a duba. Ƙanensa ya ɗago kai daga wayar ya ce shi dai ya ji ana cewa mutanen can wajen suna da abubuwa iri-iri, amma Allah ne masani. Malama ta dube shi, ta dube ni, ta tashi ta shiga ɗaki.

Yaron ya warke da maganin asibiti. Gwaggo ta ce daina shan ruwan ne ya tashe shi.

A makon nan ƙanwata ta haihu a Gwandu, zan je suna. Da safen da zan tafi na ɗage turmin, na ɗaura lauje a bakin gora, na zura na yanko ganye ɗaya daga jikin rijiyar, na naɗe a gefen zanena. Ina so in nuna wa mahaifiyata, don ita a ƙauyen Dalijan ta tashi, ta san daji tun tana yarinya.

Sai da aka watse daga suna na samu Inna ita kaɗai tana jan carbi a kan tabarma. Na warware ganyen, ya riga ya yi yaushi, na ba ta labari tun daga farko. Ta juya shi a tafin hannunta, ta dubi bayansa.

"Wanga ai na san shi. Can bayan garinmu akwai kwazazzabo mai idon ruwa inda muka ɗibar ruwa muna 'yan mata. Shina nan jikin gaɓa, ƙarƙashin icce. Masu magani na haƙar saiwar wani irinai, agugu suka ce mata, ana ba mai tsutsar ciki. Ban sani ba ko shi na wanga, ko ɗan'uwanai."

Na ce ina so in gani da idona. Ta yi dariya ta ce halina na nan, ba na yarda da abu sai na taɓa. Washegari muka hau mota zuwa Dalijan, muka sauka gidan kawuna aka gaisa aka sha fura, sannan muka bi hanyar gona da ƙafa. Gero ya fi mu tsawo. Inna tana tafe tana nuna mini inda a da kurmi ne, rana ba ta taɓa ƙasa, yanzu duk an sare an yi gonaki. Har ta fara cewa ƙila mun yi tafiyar banza, sai muka gangara cikin kwazazzabon.

Daga sauka sanyi ya buge mu. Wani tsohon ɓaure ya baje rassa a sama, ga giyayya da kanya sun haɗa kai da shi, ƙasa baƙa, ruɓaɓɓen ganye na nutsewa a ƙarƙashin takalmi. Ruwa na tsattsafowa daga jikin gaɓar yana taruwa a wani ɗan gurbi. A nan, tsakanin saiwoyin ɓauren da tsagogin marmara, hakin yake. Ya yi yawa, wasu ganyayen sun kai tsawon hannuna, ga sababbi a nannaɗe ko'ina. Na lura iyakarsa iyakar inuwa. Inda rana ta keto ta wani gurbi da aka sare reshe, ko ɗaya babu, sai ciyawa. Na tsinko ɗaya na gwada da nawa. Sun yi kama ƙwarai, har ɗige-ɗigen baya, sai dai bakin ganyen na nan ya fi zagaye kaɗan.

Inna ta tsuguna ta kamfaci ruwan gurbin da hannu ta sha.

"Da shi anka rene mu, ga ni har yau lahiya lau. Ba hakin ga ad damuwa ba." Ta goge bakinta da mayafi, ta dube ni. "Amma ina da tambaya. Kin ce gwaggon taku ba ta gani sosai, kuma ba ta jan ruwa."

Na ce haka ne.

"Ke kuma ba ki gaya mata ba. To wa ya leƙa rijiyar ya kai mata labari?"

Na fara lissafi a raina. Yarana ba sa zuwa bakin rijiya, an hana su. Maigida sai dai in kai masa ruwa.

"Ɗakunan da malamar take ciki, in ta tashi, wa za a ba?" in ji Inna.

Nan na tuna an sa ranar auren ƙanen mijina bayan kaka, kuma har lokacin ba a san inda zai ajiye amaryar ba. Ɗakinsa na jikin zaure ko gado da ƙyar yake ɗauka. Na tuna ya taɓa yi wa yayansa maganar ɗakunan, maigida ya ce ba zai tayar da baiwar Allah ba tare da ta yi laifi ba. Inna ta miƙe ta ce mu tafi kafin hadarin gabas ya same mu.

Na komo Kalgo da ganyen Dalijan a jakata, ina ɗokin in nuna wa Gwaggo cewa abin nan har a ƙasarmu akwai shi. Na tarar an riga ni. An ɗauke turmin, an kankare jikin rijiyar tas, ga laka da aka yaso tule a gefe. Ƙanen mijina ne ya kawo mai yasar rijiya bayan tafiyata. Kuma, in ji su, a cikin tsagar da hakin ya fito an sami wata laya.

Gwaggo ta ciro ta daga ƙarƙashin filo da tsumma, ba ta yarda ta taɓa da hannu ba. 'Yar ƙarama ce, an ɗinke ta da baƙar fata. Ni na karɓa da hannuna. Fatar a bushe take, da tauri, tana ƙamshin sabuwar jima. Abin da ya yi watanni a jikin rijiya da damina ai ya kamata ya yi laushi, ya yi gansakuka. Na dubi ɗinkin. Baƙin zare ne irin na keke, irin wanda ke cikin gwangwanin da nake barinsa buɗe a rumfa. Amma irin wannan zaren duk kasuwa ana sayar da shi.

Na ce, "Gwaggo, a buɗe mana mu ga abin da ke ciki."

"A buɗe? Don ya kama wanda yab buɗe?"

Ƙanen mijina na tsaye a bakin ƙofa. Na juya na tambaye shi ko da idonsa ya ga an ciro ta. Ya ce yana sama yana riƙe igiya, mai yasa ya miƙo masa. Na ce fatar ba ta yi kama da wadda ta jiƙa ba.

"Haba Yaya," ya ce yana dariya, "ai ba cikin ruwa take ba, can cikin rami aka cusa ta. Ko kin koma lauyan Malama ne?"

Na tambayi ko wane mai yasa ne. Ya ce wani baƙo ne da ya gani a tasha, ba ɗan garin ba. A yammacin nan Gwaggo ta sa aka ƙone layar a bayan gida. Ganyen Dalijan kuwa ko karɓa ba ta yi ba, ta ce kar in shigo mata da shi ɗaki.

Na sami maigida bayan la'asar na gaya masa duk abin da ke raina, da tambayoyin Inna, da fatar, da zaren. Ya saurare ni har na gama.

"Kin gan shi ya ɗauki zaren?"

Na ce a'a.

"Kin ji ya gaya wa Gwaggo?"

Na ce a'a.

"To ɗan'uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kada ki sa in dube shi da abin da ba ki gani ba."

Ba wanda ya ce wa Malama ta tashi. Amma Gwaggo ta daina amsa gaisuwarta, maƙwabta suka hana yaransu zuwa wurinta karatu, mata in sun shigo kawo ɗinki sai su yi ta satar kallon lungun darbejiya. Da aka yi hutun makaranta ta sami ɗaki a can wajen gidajen ma'aikata. Ranar da take haɗa kaya na shiga in taya ta. Ta bar ni na naɗe labule. Can na ce mata ni ban yarda da maganar layar nan ba, na ba ta labarin kwazazzabon Dalijan da ruwan da Inna ta sha.

Ta ajiye kwalin da ke hannunta.

"Maman yara, in gaya miki gaskiya? Ni ke na zarga. Kullum in na zo rijiya kekenki sai ya yi shiru, ina jin idonki a bayana. Ranar da za ki Gwandu kuma ina bakin taga na ga kin yanko ganyen kin ɓoye a zane. Kina tafiya, sai ga laya. Na ce wurin wani kika kai, aka haɗo abin da za a kore ni da shi."

Na rantse mata cewa mahaifiyata kaɗai na kai wa. Na ciro ganyen biyu daga jaka, sun bushe, na nuna mata. Ta karɓi na Dalijan ta daɗe tana dubawa, ta ce wannan ba irin nata ba ne sak, amma danginsa ne. Ta miƙo mini. Ta ce Allah ya sani. Ban iya gane ko ta yarda da ni ko ba ta yarda ba. Mota ta zo, aka loda kaya, ta ɗauki tukunyarta ta shiga gaba.

Bayan kaka aka shafe ɗakunan da fenti, aka kawo amarya. Yarinya ce mai sauƙin kai daga Masama, muka shaƙu da ita, takan zo ta zauna kusa da kekena tana koyon yanka. Wata rana da hantsi muna hira tana ba ni labarin yadda aka yi neman aurenta. Ta ce mahaifinta ya so ya ja lokaci saboda ya ji angon ba shi da wurin zama, sai angon ya tabbatar masa cewa akwai ɗakuna biyu kusa da zaure, 'yar haya ce a ciki amma ta kusa tashi.

Na tsayar da keken. Na tambaye ta yaushe aka yi wannan maganar.

Ta ɗan yi tunani. "Tun da bazara, Yaya. Ruwan farko ma bai sauka ba, don na tuna ranar zafi ya hana mu zama cikin ɗaki."

Da bazara ba abin da ya tsiro a rijiya tukuna, kuma Malama ba ta taɓa cewa kowa za ta tashi ba. Yarinyar ta dubi fuskata, ta tambaya ko ta faɗi wani abin da bai dace ba. Na ce a'a, na miƙa mata almakashi na nuna mata inda za ta bi da hannun rigar.

Da maigida ya dawo cin abincin rana na gaya masa. Ya daɗe yana juya loma a cikin miya. Daga baya ya ce saurayi in yana neman aure ba abin da ba ya faɗa wa surukai, ƙila fata kawai yake yi. Na ce ƙila. Ya wanke hannu ya fita, amma na ji ya tsaya a zaure ya kira ƙanensa da sunansa, da wata murya da ban saba jin ya kira shi da ita ba. Sun daɗe a can. Abin da suka tattauna, har yau bai gaya mini ba.